Hiace mai injin 5L ba ta tashi da asuba: hita ne ko wani abu daban?

Direban_Toro:
Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman iyayenmu kanikawa da masu waya da ke wannan zaure. Ina da Hiace mai shan gas, injin 5L, ina lodi tsakanin Bauchi da Jos. Tun da hunturu ya kankama, da asuba sai na yi kik sau 5 ko 6 kafin ta kama. In ta kama sai ta turnuƙe wuri da farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas, inji yana karkarwa kamar na minti 1, daga nan ta daidaita. Bayan haka ko sau 20 na kashe ta a yini, kik ɗaya take tashi. Fitilar hita, wato 'yan ƙarafunan da ke ɗumama cikin inji kafin a tada shi, tana kamawa ta mutu kamar kullum. Wani ya ce in canja hita duka 4, wani ya ce famfon injekta ne, wani ya ce inji ne ya gaji. Daga ina zan fara don kada in zubar da kuɗi a banza?

Riwaya_Wunti:
Wa alaikumus salam. Yadda ka zayyana, hita ne abin zargi na farko, amma a auna kafin a saya. Injin 5L irin na da ne. Nozul ba ya fesa gas kai tsaye a kan fistin, cikin wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke kan inji yake fesawa, kuma bakin hita a cikin ɗakin nan yake. Da sanyi, ƙarfen ɗakin yana shanye zafin iskar da fistin ya matse, sai gas ya ƙi kamawa. Shi ya sa a irin wannan inji ko hita 1 ya mutu za ka ji a jikin mota, in suka kai 2 kuwa sai an sha wuya. Farin hayaƙin gas ne da ya fita bai ƙone ba. Karkarwar kuma silindar da hitanta ya mutu ce, ba ta shiga aiki sai ta ɗumama.

Kamawar fitila kada ta ruɗe ka. Lokaci kawai take ƙirga maka. Tana iya kamawa ta mutu alhali ko ɗigon wuta bai isa hita ba.

Ga yadda za a auna. A ɗaga kujera, a kwance ƙananan notunan da ke kan hitocin, a cire doguwar ƙarfen da ta haɗa kawunansu. Wannan dole ne, domin in tana wurin, mai rai ɗaya zai rufa wa matattu asiri a mita. A sa mita, wato na'urar auna wuta, a kan ma'aunin om mafi ƙanƙanta, wato 200. A fara haɗa bakunan mitar biyu a ga abin da wayoyinta suke nunawa, galibi 0.2 zuwa 0.4, sai a riƙa cire shi daga lissafi. Baki ɗaya a kan hita, ɗaya a jikin inji inda ba fenti ba tsatsa. Mai lafiya yana nuna wajen om 1, abin da ya kama daga 0.6 zuwa 1.5. Wanda mita ba ta motsa ba a kansa, wayar cikinsa ta yanke.

Baban_Gareji_Yelwa:
Abin da Malam Riwaya ya faɗa haka yake. In babu mita, fitilar gwaji ma tana yi. Maƙala kilif ɗinta a kan batir mai ja, ka taɓa kan kowane hita bayan an cire ƙarfen haɗin. Ta kama, akwai hanya. Ba ta kama ba, ya mutu. Minti 5 ka gama.

Injiniya_Gubi:
Baba, da izininku zan ƙara. Fitilar gwaji tana kama wanda ya yanke ne kawai. Hitan da wayarsa ta haɗe da jikinsa daga ciki zai kunna fitilar tas, alhali ba ya ɗumama komai, sai ma ya ƙona fiyus. Akwai kuma wanda yake ja daga tsakiya maimakon baki, shi ma fitila da mita duk za su wanke shi. Mafi tabbaci shi ne mitar da ake maƙalawa a jikin waya, mai auna wutar batir. Hita mai lafiya yana jan amfiya 15 zuwa 20 a daƙiƙun farko, yana zafi yana saukowa zuwa wajen 10. Ka maƙala a babbar wayar da ke ciyar da su 4, in ka ga 60 zuwa 80 tana sauka zuwa wajen 40, duk suna aiki. In ka ga rabin haka, 2 sun mutu, tun kafin ka taɓa sifana.

Baban_Gareji_Yelwa:
Gaskiyarka, ɗana. To amma kanikawa nawa ne ke da irin wannan mita a Bauchi? Mu abin da muke yi, in mun yi shakka, mu fito da shi, mu riƙe da filaya, jikinsa a kan baƙi, kansa a kan ja. Mai kyau daga can bakinsa yake fara ja, cikin daƙiƙa 5 zuwa 10. Da ya yi ja a cire wuta, kada a tsaya kallo, kuma kada a ajiye shi kusa da tsumma ko gas, don zafinsa yana haura digiri 800.

Riwaya_Wunti:
Baba, wannan gwajin a yi masa sharaɗi ɗaya: a karanta abin da aka rubuta a jikin hita tukuna. In an rubuta 11V ko 12V, ba laifi. Amma motocin zamani da yawa hitansu 4.4V ne, ko 5V, ko 7V, kuma wani ɗan akwati ne ke ba su wuta a yanke a yanke. Ka ɗora irin wannan a kan batir kai tsaye, kafin ka ƙirga 3 ya ƙone, sai a ce dama matacce ne. Ko tsofaffin Toyota masu riley 2 (riley shi ne makunnin da ke sakar wa hita wuta) akwai masu hita 6V. Manyan motoci masu batir 2 irin Canter su kuma nasu na 24V ne, ba ya aiki a ƙaramar mota ko da tiredin ya shiga daidai.

Dan_Kamasho_Muda:
Ni dai abin da nake gani a tasha kullum, a jiƙa tsumma da fetur a kara a bakin eya kilina, ko a fesa maganin sauro, nan take mota ta tashi. Me ya sa sai an wahala?

Injiniya_Gubi:
Don Allah kada wanda ya karanta ya kwaikwayi wannan. Injin gas irin 5L yana matse iska fiye da ninki 22. Fetur da iskar da ke cikin gwangwanin fesawa suna kamawa tun fistin bai iso sama ba, balle ga hita ja wur a ciki. Ƙarar nan da kake ji kamar ana buga guduma a inji, fistin ne ake dannawa ƙasa yana kan hawowa. Abin da ke biyo baya: ringi ya karye, ɗakin ƙonewa ya tsage, gasket ya ƙone, wani lokaci kon rod ya lanƙwashe. Kuma wuta na iya dawowa ta bututun iska zuwa hannun mai riƙe da tsumman. Motar da aka saba mata da haka, ƙarfin matsinta raguwa yake yi, har ta kai ba ta tashi sai da shi.

Hajiya_Mai_Sharon:
Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni dama in shigo da tawa tambayar tunda maganar ɗaya ce. Sharon ce mai injin 1.9 TDI. Tana tashi lafiya lau, amma fitilar nan mai kama da murɗaɗɗiyar waya tana ƙyaftawa ana cikin tafiya. An ce mini hita ne.

Riwaya_Wunti:
Hajiya, ranki ya daɗe, kada ki sayi hita tukuna. A motocin Volkswagen masu gas, in fitilar ta kama ta tsaya kafin a tada mota, aikin hita take nunawa. In tana ƙyaftawa ana tafiya, birenbos, wato kwamfutar motar, ne ke cewa ya ga matsala a wani wuri. Abin da ya fi jawo haka shi ne ɗan makunnin da ke bayan fedar birki. Ki sa wani ya tsaya a baya, ki taka, a ga ko fitilun birki suna kamawa. Sannan a sa kwamfuta. Lambobin da suka shafi hita sanannu ne: P0380 layin hita gaba ɗaya, P0670 akwatin da ke sarrafa su, P0671 zuwa P0674 kuma silinda ta 1 zuwa ta 4. In lambar da ta fito ba ta cikin waɗannan, a nemi ciwon a wani wuri.

Wani abu kuma, TDI kai tsaye yake fesawa a kan fistin, kamar 2KD da 1KD na Hilux da sababbin Hiace. Irin waɗannan a yanayinmu kusan ba su dogara da hita wajen tashi ba, sai sanyi ya yi tsanani. In irinsu suka ƙi tashi da safe a Bauchi, an fi samun laifin a batir, ko iska a layin gas, ko nozul mai mayar da gas baya da yawa.

Direban_Toro:
Na gode ƙwarai. Kafin in kai gareji, akwai abin da zan iya dubawa da kaina?

Riwaya_Wunti:
Akwai. Da asuba kafin ka taɓa kik, murza makulli fitilu su kama, ka kasa kunne. Ya kamata ka ji riley ya yi ƙas, bayan ɗan lokaci ya sake yin ƙas ya saki. In da fitilar gwaji, kilif a jikin inji, baki a kan ƙarfen haɗin hita, wani ya murza maka makulli. In ba ta kama ba sam, matsalar tana kafin wuta ta iso hita: babban fiyus ɗinsu mai amfiya 50 zuwa 80, ko riley, ko ɗan akwatin ƙidayar lokaci, ko sensan zafin ruwa. Wannan sensa in ya lalace yakan gaya wa mota cewa inji da zafi, sai a ba hita wuta ta daƙiƙa 1 kacal a ɗauke. Da mita kuma, ka gwada wutar da ke kan batir da wadda ta iso ƙarfen haɗi a lokaci guda. In tazarar ta haura 1V a motar da hitanta 11V ne, bakin riley ya ci wuta ko wani kan waya ya yi tsatsa.

Sai ka yi wannan ma: murza makulli, jira riley ya saki, kashe, maimaita sau 3, sannan ka yi kik. In ta fi saurin tashi, ka san zafi ne ya yi mata kaɗan.

Mai_Batir_RanRoad:
Kada a manta da ɓangarenmu. Hita 4 suna zuƙar wuta mai yawa kafin kik ya karɓi nasa. Batir cikakke da ya kwana yana nuna 12.6V. In ka ga 12.2V rabi ne. Lokacin kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6V. Injin gas in bai juya da sauri ba, iskar da ya matse tana hucewa, ko hita sababbi ne ba zai kama da wuri ba. A duba wayar da ta haɗa batir da jikin inji, a kankare kawunan batir. Man inji ma yana da hannu. Masu zuba 20W-50 don rufe hayaƙi su sani da sanyin Toro da Tilden Fulani yana kauri, kik ya riƙa ja da kyar. 15W-40 na injin gas ya fi sauƙin juyawa.

Kuma masu ɗauko wuta daga tirela ko tifa mai 24V don tada ƙaramar mota, wannan yana kashe hita 4 a lokaci ɗaya, in ma abin ya tsaya a nan.

Bakanike_Azare:
Ni ina da ja kaɗan. Kowa ya karkata kan hita, amma 5L da ta yi shekaru tana lodin Jos, ƙarfin matsi ma abin dubawa ne. Alamominsu suna kama da juna: wahalar tashi da safe, farin hayaƙi, in ta ɗumama ta gyaru. Tunda za a cire hita, ramin nan shi ne inda ake ɗaura gejin auna matsi, a yi aiki ɗaya. A littafin Toyota, lafiyayyen 5L yana ba da wajen 32 kg/cm², mafi ƙarancin da aka yarda da shi 20, kuma tazarar silinda da silinda kada ta wuce 5. A cire wayar da ke buɗe gas a famfo kafin a juya inji. Gejin fetur ba ya wannan aiki, zai fashe. Mai mota ya buɗe murfin mai yayin da inji ke silo, in hayaƙi na bulbulowa da ƙarfi kuma tana shan mai, sabon hita zai taimaka na ɗan lokaci ne kawai.

Amma famfon injekta da aka ce masa, ban yarda ba. Famfon da ya gaji ya fi ba da wahala in inji ya yi zafi, lokacin da gas ya tsinke. Tasa da zafi kik ɗaya ce.

Dan_Kamasho_Muda:
To masu cire riley su sa maɓallin dannawa da hannu fa? Motoci da yawa a tasha haka suke.

Riwaya_Wunti:
Yana aiki a tsohuwar mota in an yi shi daidai, wato maɓallin ya riƙa kunna babban riley, ba wutar hita ta bi ta cikinsa ba, kuma da fiyus, kuma irin wanda in ka saki yake komawa. Illarsa biyu. Direba yakan danne daƙiƙa 30 ko 40 yana hira, bakin hita ya kumbura har ya ƙi fitowa ta raminsa. Na biyu, an rasa ɗumamawar da mota ke ci gaba da yi bayan inji ya tashi, wadda ita ke rage hayaƙi da karkarwar farko. In hitan 6V ne kuwa, maɓalli kai tsaye zai ƙone su a ranar.

Direban_Toro:
Ga sakamako. Wuta tana isowa ƙarfen haɗi, 11.2V. Batir 12.5V da safe. Na 1 ya nuna 0.9, na 2 ya nuna 1.0, na 3 da na 4 mita ba ta motsa ba. Na 3 ya fito, amma bakinsa a cinye yake kamar an gutsure. Na 4 ya yi rabin juyi ya cije, yaron gareji ya ɗauko dogon bututu zai ƙara a sifana, na ce ya dakata in tambaya.

Baban_Gareji_Yelwa:
Allah ya yi maka albarka da ka tsayar da shi. Wannan bututun shi ke mayar da aikin awa 1 ya koma sauke kan inji. Hita rami ne a cikinsa, ba ƙarfin noti gare shi ba. Mai tiredi 10 irin naka yana karyewa a wajen 35 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa), mai tiredi 8 na sababbin motoci a wajen 20 kacal. Ga abin da za a yi. A hure ƙurar da ke kewaye da shi. A zuba man sassauta tsatsa a gindinsa, a mayar da na 3, a tada mota ta yi zafi sosai, a bar man ya kwana, in da hali a yi ta zubawa kwana 2 ko 3 ana aiki da motar. Sannan da zafinta, da dogon soket 12 da ƙaramin hannu, a riƙa kwata juyi baya, kwata juyi gaba, ana ƙara mai. In ya fara kuka ƙiii, a tsaya a mayar da shi ciki kaɗan. In tiredi ya ƙare amma ya ƙi zarowa, gawayi ne ya riƙe bakin ko ya kumbura. A ci gaba da juyawa ana ja a hankali da filaya, kada a sa ƙarfe a ɓanɓare shi. Bakin in ya karye ya faɗa ciki, kada a kuskura a yi kik sai an fito da shi, ko ta ramin nozul ko a sauke kai.

Sa'arka ɗaya, kan 5L baƙin ƙarfe ne. Na 2KD da TDI alminiyam ne, can tiredin kan injin ne ke fara mutuwa.

Injiniya_Gubi:
Na 3 ɗin nan ya fi damuna fiye da na 4. Hitan da tsufa ya kashe, bakinsa lafiya kalau yake fitowa, cikinsa ne ya yanke. Wanda ya kumbura, wuta ce ta yi masa yawa ko ta daɗe. Wanda aka cinye ko ya narke kuwa, nozul ne ke ɗiga ko yake tsartuwa kamar fitsari a kansa maimakon feshi, ko kuma an sa tayimin famfo ya yi gaba da yawa. Tunda silinda ɗaya ce, nozul na fi zargi. A cire 4 ɗin a kai wurin masu famfo a ɗora a injin gwaji. Ya buɗe a wajen 150 kg/cm², feshi ya fito kamar hazo, ya yanke tsaf ba ɗigo. A sa sababbin washa na ƙarƙashin nozul wajen mayarwa. In ba a yi haka ba, sabon hitan na 3 ba zai daɗe ba, kuma nozul mai ɗiga yana iya huda fistin. A tambayi kai kuma ina guntun bakin ya tafi, wanda hakan ke ƙara wa shawarar Malam na Azare ƙarfi, a auna matsi.

Bakanike_Azare:
Madalla. Wajen ɗaurawa kuma, a share ramin da ɗan burushi ko rima da aka shafa wa giris don ya kwaso gawayi. A fara ɗaura hita da yatsu har ya zauna, sannan 13 zuwa 15 Nm, ba ƙari. Matsewa fiye da kima tana lalata shi tun ranar farko. Ƙaramin notin kai kuwa da yatsu biyu a kan sifana, in ka murɗa da ƙarfi sandar ciki ce ke juyawa ta tsinke. Ni shawarata a canja 4 ɗin gaba ɗaya, tunda tare suka tsufa.

Mai_Batir_RanRoad:
A wannan tsadar? Na 1 da na 2 sun auna lafiya. In na asali ne da suka zo da inji, sun fi sababbin kwali da yawa da ke kasuwa.

Riwaya_Wunti:
Duk biyun kuna da hujja. Abin da ba a yi shi ne gauraya masu lamba daban, ɗaya mai saurin ja ɗaya mai jinkiri, ko 11V da 6V. A tafi kasuwa da tsohon a hannu. A gwada tsawo, tiredi, siffar inda yake zama, da abin da aka rubuta a jiki. Wanda ya fi tsawo nozul zai riƙa wanke shi da gas, gajere kuma zafinsa ba ya isa inda ake so. Denso, NGK, Bosch da Beru su ne sanannu, amma ana buga sunayensu a kan jabu, don haka a duba rubutun jikin ƙarfen ko ya fita tsaf, kuma a auna kowanne da mita a gaban mai shago. In 4 da ke kwali ɗaya suka ba da lambobi mabambanta sosai, a ajiye masa kayansa.

Hajiya_Mai_Sharon:
Malam Riwaya, an duba, fitilun birki ba sa kamawa ko ɗaya. Allah ya saka da alheri.

Direban_Toro:
Amin. Baba, an zuba mai a na 4, na mayar da na 3 na wucin gadi. Tambaya ta ƙarshe: zan iya yin lodin Jos a kwana 2 ɗin nan da ake jira, ko in ajiye ta?

Baban_Gareji_Yelwa:
Don na 4, tafiyar ma taimako ce, zafi da sanyi su ke sassauta shi, in dai an mayar da shi ya zauna ba ya huci. Naɗe ƙarfen haɗin da kyau kada ya taɓa jikin inji.

Injiniya_Gubi:
Baba, ni saboda nozul na 3 nake jin tsoron hawan Jos da cikakken lodi. A fara kai nozul gwaji gobe da safe, aikin awa 2 ne, sannan ya ɗauki fasinja.